Moton Lurwanu Ba Ya Kuka

"Ni ban ga aibinsa ba, Gwaggo!" in ji Mansura.

"Aibi? Saurayin da zai zo zance ba a ji zuwansa ba, ba a ji tafiyarsa ba? Gado da ya neme ki da can, in ya taho da motonsa, tun daga tasha unguwa ke sani!"

Gwaggo Tani ke nan, ƙanwar Malam Tahiru, uban yarinyar. Shi kuwa Malam sai ya ce, "Mai zuwa a sace, ban ba shi ɗiyata."

To, bari in faɗa muku mafarin abin. A kasuwar Gazawa Mansura ta fara ganin Lurwanu. Butikinsa na ƙanƙara da lemo, da can hayaƙin gurup, injin ba da wuta, ya sa bangon ya yi baƙi ƙirin. Sai ya kawar da gurup, ya hau da fano mai tara wutar rana bisa rufi, ya sa fitilun ampul masu cin wuta kaɗan, ya sayo moto, babur mai batir na kai kaya.

Ta zagaya moton sau biyu. "Malam, ina bakin da yake shan man esansi?"

"Rana yake sha, kyakkyawa."

"To in hadari ya taso?"

"Sai in zo in kalle ki, ya ƙoshi."

Ja'iri! Nan ta faɗa sonsa.

Ranar rigimar, tana hawaye ta aika masa: "Hasken idona, Baba ya ƙi. Wai motonka ba ya sallama."

Ya amsa: "Sanyin raina, share hawaye. Ba gobe zai je Gangara duba gero ba? Ni zan kai shi."

Da safe Malam ya hau yana harare-harare, don dai shi ma yana son sanin sirrin abin. Mansura ta yini ba ta iya cin komai ba.

Ku kuwa kun san Malam Tahiru da labari. Shekara ashirin yana hawa moto, ƙarar inji na cinye masa zance. Ranar nan tun daga Gazawa har gona aka ji shi tar. Ya tambayi asalin yaro, ya ba da labarin farin wata shekara daga farko har ƙarshe, Lurwanu na ta "Ikon Allah, Baba!"

Da la'asar ya shigo gida fuska wasai.

"Mansura, yaron nan yana jin magana. Ya turo manyansa. Allah ya yi muku albarka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Gwaggo Tani ta shige ɗaki tana fushi, ta ce sai ta ji tashin motoci za ta fito ta yi guɗa. Ta jira, ta jira. Da ta leƙo, tsakar gida wayam.

"Ina amarya?"

Aka ce, "Tana ɗakin mijinta tun ɗazu, Gwaggo. A moton ango aka ɗauke ta."

"Aka kai ta ban ji ba?"

Ta ja mayafi, ta fice, ta buga ƙyauren gida, garam!