Muryar Abba a Wayoyin Mutane

"Ki ɗauke min wayar nan daga gabana, Auta. Ba na so."

Umma ce ta faɗa a hankali, kuma abin da ya fi tayar wa Auta hankali ke nan. Da faɗa ta rufe ta da shi, da ta san zuwa anjima za ta huce. Sabuwar wayar na kan teburin falo tana ta sheƙi, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba.

"Umma, wallahi Gwani bai sani ba..."

"Ni ma ban ce ya sani ba. Ki ce masa na gode. Amma kar ya sake taka min ƙofar gida, zancen zuwan manyansa kuma a bar shi."

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Auta ta tsaya tsakiyar falo ta rasa inda za ta sa kanta.

Abban Auta direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanya ya yi ta. Shi da rubutu a waya kuwa ba sa shiri, don yatsunsa manya ne, in ya taɓa harafi ɗaya sai maƙwabtansa su biyo shi. Ranar da aka koya masa tura saƙon murya, ranar aka haɗa shi da abin duniya. Duk inda ya tsaya sai ya danna ya yi wa Umma magana: ya sauka lafiya, an yi ruwa a hanya, ta sha maganinta kuwa? Tun da ya rasu bara, muryoyin nan su ne abokan hirarta. Kullum da safe za ta haɗa shayi, ta jingina wayar a kujerar da ya saba zama, ta kunna ɗaya. Wani lokaci har amsa masa take yi.

To, tsohuwar wayar ta gaji. Ta cika maƙil, kullum maƙalewa, manhajar hira na ta naci a sabunta ta, wuri babu. Sai Gwani ya ga dama ta samu ta burge suruka. Gwani shi ne saurayin Auta, mai gyaran waya a bakin kasuwa, kuma 'yan layinsu ne suka laƙaba masa sunan saboda iya aiki. Ya sayi sabuwa dal, Auta kuma ta saci jiki ta kai masa tsohuwar lokacin da Umma ke barcin rana, wai za su ba ta mamaki.

Ya sauya layi, ya kwashe lambobi da hotuna. Sannan ya yi abin da ya saba. Duk tsohuwar wayar da ta shigo hannunsa sai ya wanke ta tas, kar sirrin mutane ya faɗa hannun banza, kuma da wannan ɗabi'ar ya yi suna a kasuwar. Bai san tun tuni an kashe ajiyar saƙonni ta intanet a wayar ba, saboda tana shan data. Ita kuma Auta ba ta yi masa zancen muryoyin ba, a ganinta duk abin da ke waya layi yake bi.

Mamaki kam sun ba Umma. Ta buɗe sunan mijinta ta tarar da fili fetal.

Auta ta kira Gwani tana kuka. Ya ce ta ba shi lokaci. Ya haɗa tsohuwar wayar da kwamfuta, ya gwada wannan ya gwada wancan, ya kai wa wanda ya koya masa aiki, duk a banza. Aikinsa mai kyau ne, abin da ya wanke ya wanku. Daga ƙarshe ta kira shi ta gaya masa hukuncin Umma.

"Tana da gaskiya, Zuciyata," ya ce. "Ni na sake kashe mata shi."

"Kar ka ƙara faɗin haka... To mu fa?"

Sai ya kashe wayar.

Daga ranar Gwani ya yi ɓatan dabo. Auta ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta ɗauki waya, ta ajiye, ta sake ɗauka. Ta tura saƙo, alamar an karanta ta fito, amsa babu. Abin da ya fi cin ranta shi ne kullum yana kan layi. Da safe yana kai, da rana yana kai. To da wa yake hira? Ta leƙa hotonsa, bai canja ba. Ta leƙa sitatus, wayam. Ta rubuta masa doguwar magana mai zafi ta goge, ta rubuta mai sanyi ita ma ta goge. Sau ɗaya har yatsanta ya kai kan wurin toshe lambarsa, zuciyarta ta ƙi.

A shagon ɗinkin da take aiki ta haɗa hannun riga a baibai, uwar ɗakinta ta ce ko dai a ɗinka mata aljihu a goshi ta riƙa sa wayar, kowa ya huta. Aka yi dariya, ita ko murmushi. Da aka tashi ta bi ta bakin kasuwa kamar hanyarta ce, ta tarar da shagonsa da kwaɗo. Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya ce ai Gwani kwana biyu ba ya zama, da sassafe yake fita.

A gida kuma abin ya fi ciwo. Umma ba ta fasa haɗa shayi ba, amma sai ta zauna ta zuba wa kujerar nan ido har ya huce, ta zubar. Ba ta faɗa, ba ta kuka, ta dai rame. Auta na son Gwani kamar ranta, wannan ba ta ɓoye wa kowa ba. Amma duk sanda ta buɗe baki za ta roƙar masa, sai ta kalli wuyan Umma ta haɗiye maganar. Da wane ido za ta ce a yafe?

Ranar nan tana guga wayarta ta yi ƙara. Gurup ɗin dangi ne, inda ba a komai sai gaisuwar safiya da hotunan furanni da maganin ciwon baya. Gwaggonta, wadda ba ta barin saƙo ya kwana a hannunta, ita ce ta turo wani abu tana tambaya, wannan ba ɗan'uwana ba ne?

Hoton Abba ne a jikin motarsa. A ƙasa an rubuta cewa duk wanda marigayin ya taɓa tura wa saƙon murya, ko na gaisuwa ne ko na faɗa, don Allah ya turo wa wannan lambar, iyalinsa na bukata. A saman saƙon ga alamar an yi ta tura shi hannu zuwa hannu.

Lambar Gwani ce. Auta ta zauna daɓas, sai ƙaurin rigar da ta bari a ƙarƙashin dutsen guga ne ya dawo da ita hayyacinta.

Daga baya ta ji sauran labarin. Ashe tashar manyan motoci ya tare. Ya bi direbobi, ya bi kanikawa da masu facin taya da masu lodi, ya roƙi a sa shi a gurup-gurup ɗinsu. Wanda bai iya nemo tsohon saƙo ba ya zauna ya nemo masa, wanda wayarsa ta lalace ya gyara masa kyauta don kawai ya ciro murya ɗaya. Abba kuwa bai bar kowa ba, duk wanda ya sani sai da ya cika masa waya da surutu.

Washegari da safe, Umma na tsaye a kicin ruwan shayi na tafasa, saƙon Gwani ya shigo.

"Ina waje, ban taka ƙofa ba. Nata ban same su ba, Zuciyata, ba kuma zan same su ba. Waɗannan na mutane ne. In kin ga za su ƙara mata ciwo, ki goge."

Sai muryoyi suka fara zubowa, ɗaya bayan ɗaya, har wayar na rawa a hannunta.

An hana ta ko ambaton sunansa, ga shi za ta shigo da aikinsa har kicin. In abin ya ɓaci, ta san ita da Gwani sai dai a lahira. Ta dubi bayan Umma, yadda kafaɗunta suka zube. Ta shiga, ta jingina wayar a jikin gwangwanin sukari, ta danna wanda hannunta ya faɗa kai.

"Kai Kanike, ka ji tsoron Allah! Birkin nan da ka ce ka gyara..."

Cokali ya suɓuce daga hannun Umma. Ba ta juyo ba.

Abba ya ci gaba da yi wa kaniken tsiya, yana faɗa yana dariya kamar yadda ya saba. Can sai ga wata murya daga nesa a cikin saƙon, muryar mace, tana cewa ya ajiye wayar nan haka, shayinsa zai huce. Muryar Umma ce.

Abba ya rage murya, irin ta mai gulma.

"Ka ji ta ko? Kullum haka nake shan faɗa. Amma kar ka gaya mata, da gangan nake barinsa ya huce. In ban ji faɗan nan ba, wallahi shayin ba ya min daɗi... Ina zuwa, ranki ya daɗe!"

Saƙon ya ƙare. Ruwa na ta tafasa babu mai sauke shi.

Umma ta dafa bango ta zame ta zauna a ƙasa. Sai kukan da ta riƙe tun ranar nan ya ƙwace mata, da dariya a cikinsa.

"Ji min mutumin nan... Ashe da gangan yake yi. Duk shekarun nan, Auta, da gangan!"

Auta ta rungume ta suka yi ta yi tare. Umma ta ce a sake kunnawa, aka sake. Ta tambaya ko akwai wasu, Auta ta nuna mata jerin, ta yi ta ja da yatsa bai ƙare ba. Waɗanda Abba ya turo mata Umma ta haddace su tuntuni, amma wannan mijin, wanda ke zancenta a bayan idonta, yau ta fara jin sa.

Ta share fuska da bakin mayafi.

"A ina aka samo su?"

Auta ta sunkuyar da kai ta gaya mata abin da ta sani, tun daga saƙon gurup ɗin dangi har shagon da ya kwana biyu a rufe.

"Yana ina yanzu?"

"Yana waje, Umma. Kin ce kar ya taka ƙofa."

Umma ta miƙe a hankali, ta sauke ruwan. Ta buɗe kabad ta miƙa hannu can ciki, ta ɗauko babban kofin Abba da ba wanda ya taɓa tun bara, ta ɗauraye shi.

"To me kike jira? Je ki ce masa ya ajiye wayar nan haka ya shigo. Shayinsa zai huce."