Akwatin da ke Saman Sif

"Cire safar hannun nan," in ji Malama.

Injiniya ya tsaya da kwalbar mai a hannu, idonsa a kan labule. "Haba zuciyata... tsafta ce fa."

"Ciwon ya warke tuntuni. Tabo ne kawai."

Tun da aka cire mata nono saboda ciwon daji, aka gina mata wani da naman cikinta, likita ta ce a riƙa murza tabon da mai kullum, don kada fatar ta ɗaure, kafaɗa ta sandare. Mijin nata ya karɓi aikin a gaban likita har da dafa ƙirji. A gida kuwa safar roba yake sawa, ya ɗauke numfashi, ya taɓa ta da kan yatsa kamar mai ɗauke mataccen ɓera. In ya gama sai ta jiyo shi a banɗaki, famfo na zuba, yana kakari.

Kakarin nan ne ya fitar mata da shi daga rai. Mutumin da ta ɓata da yayyenta a kansa. Yanzu ko ƙamshin turarensa ba ta son ji.

Ranar da ta fara cewa za ta koma wajen Yayarta, dariya ya yi, ya cilla akwatinta saman sif. "In hannunki ya kai can, sai mu yi maganar."

Akwai kujera a ɗakin. Ba ta ko kalle ta ba.

Kowace safiya sai ta fuskanci bango, ta hau shi da yatsu kamar yadda aka koya mata a asibiti. Wata jijiya ta ɗaure ta daga hammata zuwa gwiwar hannu, gumi ya tsatso mata, ta ciji leɓe ta ƙara. Da farko ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa. Shi a zatonsa don ta iya rubutu a allon ajinta take wannan wahala.

"Yau dai kalle ni," ta ce a hankali. "Ni ce fa, Injiniya. Sa hannunka."

Ya juyo. Ta ga hancinsa ya ɗan tattare.

"Ki ƙara min lokaci, masoyiyata... wallahi ina ƙoƙari."

"Na gani. Har banɗaki ya shaida."

Ta mayar da rigarta, ta nufi sif. Ta ɗaga hannu biyu. Tabon ya ja kamar zai tsage, hawaye suka zubo mata, amma yatsunta sun kama mariƙin. Akwatin ya sauko a ƙirjinta, da ƙurarsa da komai.

"Yaushe... yaushe kika fara kaiwa?"

"Da kana kallona da ka sani."

Ta zuba kayanta, ta ja zif, ta share fuska da bayan hannun da ya warke.

"Buɗe min ƙofa. Ba sai ka cire safar ba."