Faifan Bikin Sakina

Ko da Sufeto Nasir ya iso daga Managil, an riga an fasa wa Audi mai gadi baki. Mutane sun cika ƙofar ofishin ƙungiyar manoma da sanduna, Sa'idu yayan mamacin yana gaba da gatari.

"Ku ba mu shi, Janabu! Shi ya kashe Kamal!"

Nasir ya jefa Audi cikin ofis ya sa sakata. Kurtu ɗaya ya zo da shi, kuma ƙofar ta katako ce. Ya san ba za ta daɗe ba.

Kamal, sabon akawu, yana kwance rub da ciki gaban babbar na'ura, an rotsa masa ƙeya. Jini ya fantsama har bango. Bakin da ake sa faifai a na'urar yana buɗe, babu komai ciki. Nasir ya ɓamɓare yatsun gawar, ya zaro ɓallin faifan CD mai kaifi, da jini a bakinsa.

"Kai, mi ya haɗa ku?"

"Tsofaffin faya-fayai nika ɗiba, Janabu, in rataya a gona su kori tsuntsaye," in ji Audi, yana tofar da jini. "Jiya ya hana ni, muka yi cacar baki. Shi ke nan wallahi."

"Ɓarawo ne," wata murya ta ce daga baya. Bilyamin ne, mai rabon ruwan ban gonaki, hannunsa na dama cikin aljihun jallabiya. "Da kowa ya fita cin faɗur, abincin safe, shi kaɗai ya rage."

"Kai kana ina?"

"Bakin tur'a, babban magudanar ban gonaki, ina duba ruwa."

"Wane faifai ne wannan?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

Dutse ya fasa taga. Najwa mai buga takardu ta ƙwalla ƙara ta durƙushe. Nasir ya ja ta bayan kabad.

"Mi Kamal ya saka a na'urar nan?"

"Bikin ƙanwarsa Sakina. Da safe mai hoto ya kawo masa."

"Ya nuna miki?"

"Ba sai ya nuna ba. Na'urar nan kaɗai ke karɓar faifai, sai aka haɗa ta da kwamfutocinmu duka. Abin da aka saka, kowa na gani daga teburinsa. Shi sabo ne, bai sani ba. Yana ta dariya shi kaɗai, mu ma muna kallo."

"Ku wa?"

Ta saci kallon Bilyamin, ta sunkuyar da kai.

"An farfasa faifan. Halas, ya ɓace ke nan?"

"A'a, Janabu. Da an saka, na'urar na kwafe shi cikin cikinta, don kada a riƙa jira. Yana nan."

Gatari ya sari ƙofa, katako ya tsage. Nasir ya ce ta kunna, a teburin Bilyamin.

Ayarin motocin amarya ne a kan hanyar tur'a, guɗa, ƙura, mata na tafi. Mai hoton ya juya kyamara ta taga. Can nesa, a bakin ruwa, mutum biyu. Ɗaya ya ɗaga shebur ya sauke a kan ɗayan. Ya ƙara. Ya tura shi ruwa da ƙafa.

Audi ya dafe kai. "Salihu ne! Ɗan ƙodagon da aka ce ya nutse! Mai shebur ɗin kuwa Bilyamin ne!"

"Fito da hannunka, Bilyamin," in ji Nasir.

Ya fito da shi, da wuƙa. Ya kai wa Nasir suka a wuya, ta yanki kafaɗa. Nasir ya damƙe wuyan hannun ya buga shi da gefen tebur har wuƙar ta faɗi, ya narka masa gwiwa a ciki, ya danne fuskarsa a ƙasa. Tafin hannun a tsage yake, sabon yanka, daidai bakin ɓallin faifan.

"Salihu ya kama ni ina karya ruwan mutane zuwa gonata," in ji Bilyamin, yana haki. "Zai faɗa wa ƙungiya. Yau ina zaune sai na ga kaina a kwamfuta. Na ce Kamal ya ba ni faifan, ya riƙe. Na ɗauko ƙarfen buɗe ruwa..."

Ƙofa ta ɓalle. Sa'idu ya faɗo da gatari sama, ya nufi Audi. Nasir ya harba bindiga a rufi.

"Tsaya! Dubi can!"

Najwa ta maimaita wurin. Sa'idu ya kalla, ya sake kalla. Gatarin ya sauko a hankali. Ya juya ga Audi, ya miƙa masa hannu.

Kurtu ya ɗaura wa Bilyamin ankwa. A bakin ƙofa Bilyamin ya tirje.

"Da na bar Kamal, da ya tona ni."

"Tona wa?" Najwa ta ce, hawaye na zuba. "Wurin hanyar nan yana fitowa ya tsallake shi, ya ce ƙura ce kawai. Rawar ƙanwarsa yake nema. Bai gan ka ba, Bilyamin."

Bilyamin ya zauna daɓas a ƙasa. Sai jan sa aka yi zuwa mota.