Littafin da Gara Ta Cinye wa Lamba

"Ba zan sa hannu ba, Farfesa."

Mataimakiyar editan mujallar ta tura maƙalar gefen tebur. A sashensu na jami'a ana kiranta Waƙafi, domin ba ta barin ko waƙafi ɗaya ya zauna a inda ba wurinsa ba.

"Jibi za a kai maɗaba'a," in ji Farfesa, babban edita. "Umarni nake ba ki."

"Dakta ya ɗauko magana daga littafi, ya sa sunan marubuci da shekara a baka biyu, babu shafi. Na je laburare in duba, an ce littafin ya ɓace. Abin da idona bai gani ba, ba na sa masa hannu."

Kashegari Farfesa ya kira 'yan sanda, ya ce wa Sufeto ba kowa yake zargi ba sai ita. Littafin tsoho ne, kwafi ɗaya jami'ar take da shi, kuma ita ce kullum bakinta a kansa.

Sufeto ya same ta a ofishinta mai taga ɗaya, da jan biro a hannu. Ko tashi ba ta yi ba.

"Malama, an ce ke kika ɗauke littafi."

"Yallaɓai, da yana hannuna da na gama aikina na huta."

Ya ja kujera ya ɗauki maƙalar, yana juya ta kamar wanda aka ba wa sabuwar waya. "Wannan dogon jerin sunaye na ƙarshe fa, na mene ne?"

"Manazarta. Duk wanda ka ari maganarsa sai ka faɗi sunansa, shekara, sunan littafi, garin da aka buga, da maɗaba'a. Idan kalmominsa ka ɗauko, ka faɗi shafi."

"Au, adireshin shaidu ke nan."

"Kusan haka. Ni kuma nakan bi su gida gida."

Sufeto ya yi dariya. "Da a wurinmu kike da tuni kin zama sajan. To amma ga lambar shafi nan an sa da biro."

"Yau da safe Dakta ya kawo, bayan na ce zan rubuta wa wata jami'a su aiko mini da hoton shafukan. Ya ce ba sai na wahala ba."

Dakta, mai maƙalar, mutum ne mai fara'a. Ya tarbi Sufeto da hannu biyu, har ya fara roƙa wa Waƙafi afuwa.

"Ƙanwata ce, taurin kai ne kawai. A bar maganar haka."

"Yaushe rabonka da littafin?"

"Tun bara. Ban sake ko leƙa ɗakin ba."

"Lambobin shafin nan fa?"

"Tun a baran na kwafe su. Mantawa na yi ban sa ba."

Sufeto ya gode masa ya fita. A ransa yana mamakin mutumin da bai manta garin da aka buga littafi ba, amma ya manta shafi.

Mai kula da laburare dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Ya rantse babu mai shiga ɗakin tsofaffin littattafai da jaka.

"Ko Farfesa, Baba?"

"To, manya dai..."

"Ko Dakta?"

"Ranka ya daɗe, wa zai ce wa malami buɗe jakarka? Ni da iyalina?"

Sufeto ya leƙa gurbin da littafin ya bari a kan kanta. Na kusa da shi duk bangonsu sabo ne.

"An sake musu riga ne?"

"Gara ta yi mana ɓarna shekarun baya. Shi wanda ya ɓace ɗin ta cinye masa gindi kaf, har da lambobin shafi. Haka ake karanta shi, ba lamba. Watan jiya ya dawo daga wurin mai ɗinki, na zauna na bi shi da fensir na sa masa lamba da hannuna."

Sufeto ya tsaya cak. "Ke nan a bara ba shi da lamba?"

"Ko ɗaya."

Da yamma ya tara su a ofishin Farfesa. Waƙafi ta ƙi zama, ta tsaya a jikin ƙofa ta harɗe hannu.

"Dakta, ni ba ɗan boko ba ne sosai, a taimake ni," in ji Sufeto. "Ka ce a bara ka kwafi lambar shafi?"

"Haka ne."

"Daga littafin da bai samu lamba ba sai watan jiya?"

Murmushin Dakta ya bushe. "Wataƙila wani bugun na gani."

"A ina? Faɗi sunan laburaren, da gari. Malama ta koya mini, shaida sai da adireshi."

Dakta ya dubi Farfesa. Farfesa ya dubi fankar sama.

Sufeto ya sa aka yi bincike. Kofur ɗinsa ne ya fito da littafin daga but ɗin motar Dakta, a ƙarƙashin tayar ko-ta-kwana, naɗe da tsohuwar jarida. Waƙafi ta karɓa ta buɗe shafin da ya ambata. Maganar tana nan, ga lambar fensir a ƙasa. Ba ta rufe ba. Ta juya gaba, ta sake juyawa, sannan ta ɗauki maƙalar ta fara karanta su bi da bi da ƙarfi. Sakin layin da Dakta ya kira sakamakon bincikensa yana cikin littafin, kalma da kalma.

"Ya isa," in ji Dakta, murya ƙasa ƙasa. "Ni na ɗauka. Ƙarin girmana ya rataya a kan maƙalar nan. Na san idan ta buɗe littafin ba za ta tsaya a layi ɗaya ba. Kowa yana duba waƙafi ya wuce, ita sai ta karanta."

"Kuma kana kallo aka ce mini ɓarauniya, Yaya," in ji ta.

Kofur ya riƙe hannun rigar Dakta suka nufi mota, malamai suna leƙe ta tagogi.

Mujallar ba ta fita a wannan zangon ba, kuma Farfesa bai ba ta haƙuri ba. A sashen aka daina amsa gaisuwarta, wai ta tona asirin ɗan'uwa. Da wa'adin aikinta ya cika, ba a sabunta ba.

Ranar da take kwashe kayanta, Sufeto ya biyo wurinta saboda takardun kotu.

"Malama, da kin sa hannun nan, da yanzu kina kan kujerarki."

"Na sani, Yallaɓai." Ta jefa jan bironta cikin jaka. "Na rasa aikin, na rasa abokan zama, kuma babu wanda zai rubuta mini takardar shaida. Amma a duba duk mujallar nan, babu shafi ɗaya da na sa wa hannu ban gani ba."