Ranar da Mai Murya Ya Fito a Gawa

A wani zamani, a wani gari, an yi wasu 'yan wasan kwaikwayo. Cikinsu akwai wani mai murya kamar tsawa, kullum shi ke fitowa a alƙali. Rannan dattijon da ke shirya wasan ya ce masa, "Yau kai ne gawa. Kwanta cikin likkafani, kada ka motsa sai an ja labule."

Ya ɓata rai, amma ya kwanta.

Ana cikin wasa sai cinnaku suka shiga likkafanin. Suka cije shi a ƙafa, bai motsa ba. Suka cije shi a ciki, bai motsa ba. Har zai zabura, sai ya ji wata tsohuwa cikin 'yan kallo tana kuka a hankali. Ya san in gawa ta motsa, dandali zai ɓarke da dariya. Ya daure, bai motsa ba.

Da aka ja labule aka yi ta tafi, ba wanda ya ambace shi. Tsohuwar ta same shi yana susa, ta ce, "Ɗana a nesa ya rasu, ban ga gawarsa ba. Yau na yi masa ban kwana. Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan."

Mai murya kamar tsawa ya durƙusa, ya ce a hankali, "Amin."