Atamfa a Ƙarƙashin Fitilar Otal

Setonji yana kan tsani a zauren wani otal na bakin teku a Kwatano, yana sauya ƙwan fitila, sa'ad da Fifame ta shigo ɗauke da labulen da aka ɗinka a shagon uwar ɗakinta. Ta ɗaga kai ta dubi hasken da ya kunna, rawaya mai taushi, ɓoye a bayan katakon rufi.

"Malam mai wuta, wannan ta mutu ne ko tana jinya?"

"Lafiyarta ƙalau, Madam tela. Haske ne da ba ya yi wa mutum tsawa."

"A gidanmu in fitila ta yi haka, kiran mai gyara muke yi."

"To ga mai gyaran ya samu. Sai ki ba ni lambar gidan."

Ba ta ba shi a ranar ba. Ta ba shi a zuwa na gaba.

Setonji ɗan mai ƙyafa kifi ne daga Wida, maraya ta wajen uba. Abin da ya mallaka shi ne sana'ar hannunsa, da kuma wani ra'ayi da ya ɗauko a otal, cewa gida wurin hutawa ne, bai kamata a haska shi kamar ɗakin tiyata ba. Yakan rubuta mata da yamma:

"Hasken idona, ɗakinmu ba za mu sa doguwar fitilar nan fara ba. Ɗaya a kusurwa, ɗaya a bayan labulenki, ɗaya ƙarama kusa da gado. Duk wanda ya shigo zai sauke murya da kansa."

Ita kuma ta amsa: "Injiniyana, ka fara samo ɗakin tukuna."

A gidajen Kwatano, tun zamanin da aka ja wuta unguwanni, farar doguwar fitila a tsakiyar falo ita ce shaidar gidan mutunci, wanda ba shi da abin ɓoyewa. Haka take a falon Papa Ahuansu, mahaifin Fifame, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa. Setonji ya san da haka, amma zumuɗin nuna bajinta ya rinjaye shi. Ana saura kwanaki a kawo kayan aure, ya roƙi izini ya gyara falon a matsayin kyautar suruki. Dattijon ya yarda ba da son ransa ba. Setonji ya sauke doguwar fitilar, ya jera ƙanana a gindin bango da bayan kujeru. Falon ya yi kyau, babu mai musu, sai dai maƙwabta sun leƙo suna tambaya ko an fara ba da hayar ɗakuna ne.

Al'ada ta ɗora duba kayan aure a kan goggon amarya, kuma abin da ta faɗa ba a tayar da shi. Goggon Fifame ita ce Tanti Akuavi, wadda ta tsufa tana sayar da atamfa a babbar kasuwa. Kowa ya san zuciyarta tana wajen Romarik, dillalin motoci, wanda ya daɗe yana aiko mata da gaisuwa a kan 'yar ɗan'uwanta.

Motar mutanen Wida ta lalace a hanya, ba su iso ba sai da rana ta faɗi. Aka kunna fitilun Setonji. Mahaifiyarsa ta kwance ƙunshi da hannunta, ta miƙa turmin atamfar da ta fi alfahari da shi, shuɗiya 'yar Holan, wadda hayaƙin kifi na shekaru ya saya. A ƙarƙashin rawayan hasken nan shuɗin ya dushe, ya koma kamar tsohon zane da aka sha wankewa.

Tanti Akuavi ta murza gefen atamfar, sannan ta sake ta ta faɗi ƙasa.

"Maman Setonji, mu za ki kawo wa 'yar Caina? Ku duba launinta, jama'a. Ko da yake ba laifinki ba ne, hancin da ya saba da kifi ina zai san ƙamshin Holan."

Mata suka matso, suka duba, suka gyaɗa kai. Mahaifiyar Setonji ta sunkuya ta ɗauki turmin, ta kakkaɓe shi, ta ajiye a kan tebur, ta fita.

Saƙon Fifame ya zo kafin su kai tasha: "Da ka ce mini babu hali, da na jira. Me ya sa ka bari aka kunyata mu duka?"

Ya rubuta: "Ki fitar da ita rana gobe. Daga nan ki yanke mini hukunci."

Da hantsi ta shimfiɗa turmin a kan igiyar shanya. Shuɗin ya fito tas, har yana ɗaukar ido. Ta naɗe shi, ta hau babur zuwa kasuwa, ta kira Setonji ya same ta a can. Yana tsaye a bakin rumfar Tanti Akuavi ya ji abin da aka faɗa.

"Tanti, ki sake dubawa. Fitila ce ta ruɗe ki."

Tanti Akuavi ko kallon turmin ba ta yi ba.

"'Yata, ni da yatsa nake sanin atamfa, ba da ido ba. Tun kafin a haife ki nake wannan rumfa. Saurayinki ne ya rage wuta, ni kuwa na yi abin da na ga zai fisshe ki."

Nan Setonji ya gane. Da hannunsa ya shirya duhun da aka ci mutuncin mahaifiyarsa a ciki.

Fifame ta shaida wa mahaifinta cewa in ba Setonji ba, to ba kowa, Romarik kuma ya kai motocinsa gaba. Papa Ahuansu ya kira saurayin, ya zaunar da shi.

"Na san gaskiya, ɗana. Amma ba a taɓa yi a zuriyarmu ba, a ce goggo ta yi magana a gaban taro sannan a ƙaryata ta. Mahaifina bai yi wa yayarsa ba, ni ma ba zan fara ba. In kana son yarinyar, mahaifiyarka ta dawo ta ba da haƙuri, ku kawo wani turmin. Kuma ka mayar mini da fitilata."

"Papa, ta ba da haƙuri a kan laifin da ba ta yi ba?"

"Haka na ce."

Setonji ya tafi Wida da niyyar gaya wa mahaifiyarsa ya fasa. Ya same ta a gaban murhu, tana juya kifi.

"Mama, ba zan bari ki durƙusa wa matar nan ba."

"Kai za ka bari ko ni? Gwiwar tawa ce. Yarinyar tana sonka?"

"Tana sona."

"To je ka nemo mota wadda ba ta lalacewa."

Ta durƙusa a falon da tsakar rana, ƙarƙashin doguwar fitilar da ɗanta ya mayar da safen nan. Ta ce ta yi kuskure. Tanti Akuavi ta ce ta yafe. Setonji ya kafa idonsa a ƙasa har aka tashi.

Ranar aure, bayan an fito daga coci, amarya ta shiga sauya kaya. Ta fito farfajiya cikin rana tsaka sanye da shuɗiyar atamfar da aka ƙi, ɗinkin hannunta. Rabin matan wurin 'yan kasuwar zane ne. Duk suka juya suka dubi Tanti Akuavi, ita kuwa ta shiga gyara ɗaurin kanta.

Fifame ta wuce teburin danginta, ta je ta durƙusa a gaban surukarta, gwiwa biyu a ƙasa.

Tsohuwar ta daɗe tana shafa kafaɗar rigar. Sannan ta kama hannun amarya ta haɗa da na ɗanta.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku. Tashi, 'yata, kada ki ɓata zanen. A gidan nan durƙuso ɗaya ya isa."

Aka ce amin. Ta ci abinci kaɗan, ta nemi motar Wida tun da sauran rana, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake taka falon Papa Ahuansu ba.