Kwalba Mai Sunan Unguwar Tsamiya

Dutsen farko ya faɗo ne dab da kiran magariba, wata Talata cikin damina. Sharfaddeen na tsugune bakin famfon gidansa a Gaya yana alwala, matarsa Surayya tana kwashe tuwo, 'yarsu Muhsina mai shekara goma sha huɗu tana kwasar shanya. Ƙarar ta cika rufin kwano, dutsen ya gangaro ya tsaya daidai ƙafar maigidan. Jiƙe yake sharkaf, gansakuka ta lulluɓe shi, alhali kwana huɗu ba a yi ruwan sama ba. Ya ɗauka ya kai hanci, sai ya yi maza ya wurga shi bayan katanga.

"Yaran maƙwabta ne," in ji shi, tun kafin a tambaye shi.

Maƙwabtan nasu kuwa tsoho ne da tsohuwa, ko jika ba sa riƙo.

Shi dai ya san warin da ya ji. Warin maganin feshi ne, kuma ya san inda ya taɓa jin sa haɗe da na gansakuka.

Aikin Sharfaddeen ɗibar samfurin ruwa ne. Yakan bi tuƙa-tuƙa da tankunan da jama'a ke sha a ƙauyukan Gaya da Ajingi, ya cika kwalabe, ya rubuta sunan kowane gari a jiki, a kai Kano a auna. Abin da aka saba dubawa sananne ne: ƙwayoyin cuta, dauɗa, gishiri, ƙarfe. Wata takwas da suka wuce sai wasu masu bincike suka turo kwalabe masu duhu, suka ce suna son duba abubuwan da ba sa cikin wancan jeri, musamman ragowar magungunan feshi na zamani. Duk wata biyu a cika, a sa a cikin kula mai ƙanƙara, a aika.

Cikin garuruwan da aka ba shi har da Unguwar Tsamiya, wani ɗan ƙauye a yankin Gafasa, kuma nan ne aka binne cibiyarsa. Taku ashirin daga tuƙa-tuƙar garin akwai tsohuwar rijiya da aka daina ja. Ranar da ya je da sababbin kwalaben ya leƙa cikinta, ya ga jarkokin magani suna yawo a saman ruwa, sun fi ƙarfin ƙirge. Ba sai an faɗa masa mai su ba. Yayansa Bala ne ke feshin ƙwadago a gonakin yankin, kuma a bakin rijiyar nan yake wanke famfunan feshi na goyo duk yamma, ya tuttule ɗaurayar a ciki.

Ya daɗe tsaye a wurin. Ya hango an garƙame tuƙa-tuƙar, ana nuna yayansa da baki, ana cewa ɗan gari ne ya kashe wa gari ruwa. Sai ya mayar da kwalbar jaka babu komai, ya dawo Gaya, ya tara ta a famfon gidansa, ya rubuta mata Unguwar Tsamiya da kyakkyawan rubutunsa. Ya lallashi kansa da cewa ai abin ma ba ya cikin jeri, babu dokar da ta tilasta. Mutum in yana son ya yaudari kansa, ba ya rasa hujja mai kyan gani. Sau huɗu ya yi haka, sau huɗu sakamako ya dawo fes.

Jifan bai tsaya ranar Talata ba. Duk magariba, da rana ta yi ja, kaji sun shige akurki, sai gidan ya yi tsit kamar an toshe masa baki, sannan duwatsun su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, duk a jiƙe. Ranar Alhamis suka ji ana jan guga, igiya na gurzar itace a hankali, a gidan da ba shi da rijiya. Surayya ta rungume Alƙur'ani ta zauna bakin ƙofa tana karanta duk abin da ya zo bakinta.

Muhsina dama ba lafiya ce ta ishe ta ba. Tun da ta dawo daga hutu wajen kakarta a Unguwar Tsamiya take fama da ciwon ciki da jiri. Ranar Juma'a ta daina shan ruwa. Ranar Asabar da magariba aka tarar da ita tsaye gaban famfo, ta kafe shi da ido, ruwa na zuba kan ƙafafunta. Uban ya taɓa kafaɗarta. Ta juyo, ta yi magana da muryar tsohuwa, mai kauri, mai amo kamar daga rami.

"Mai kwalba, sannu da aiki."

Surayya ta saki salati, ta ce gobe ko da shi ko babu shi sai an ɗauko Malam Abdulmuttalib na Kademi.

Malam Abdulmuttalib dattijo ne siriri, ba ya zuwa da tarkace, daga carbi sai 'yar kwalbar man habbatussauda. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka kwantar da yarinyar a tabarma, uwarta da wasu mata biyu na unguwa suka riƙe ta. Sharfaddeen ya so a sallami matan, amma bai sami bakin faɗa ba. Malam ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, bai ɗaga ba bai sassauta ba, har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Sai jikin Muhsina ya sandare, ta yi wani gurnani.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Musulma ko kafira?"

"Sunana Gaji. Na riga kakanka fara salla."

"To ki ji tsoron Allah. Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Tun ranar da aka haƙa rijiyar Unguwar Tsamiya nake cikinta. Da suka sami tuƙa-tuƙa suka bar min ita, na ji daɗi, na huta da guga. Sai suka fara zubo mana guba da magariba, ko bisimilla babu. 'Ya'yana biyu sun mutu, ta ukun ta makance. Na yi haƙuri, na ce ɗan Adam ba ya ganinmu. Ruwan nan kuma ta ƙarƙashi ɗaya ne da wanda suke tuƙawa, na ce wata rana za su gane da kansu. Sai na ji an ce an aiko mai kwalba, zai kai ruwan Kano a gani. Ya zo, ya leƙo, har muka haɗa ido bai sani ba. Ya juya da kwalbarsa a bushe."

Matan nan biyu suka sunkuyar da kai. Sharfaddeen ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Kunya ce irin wadda bai taɓa ji ba.

"Me ya kawo ki gidan nan?" in ji Malam.

"Shi ya kira ni. Ya tari ruwan famfon can ya rubuta Unguwar Tsamiya, har sau huɗu. Tunda nan ce Unguwar Tsamiya, ai gida na dawo."

Malam ya waiwayo. "Malam Sharfaddeen, haka aka yi?"

Da ƙyar ya iya ɗaga kai. "Haka aka yi, Malam."

Aljanar ta ce ba za ta fita ba sai ya sha cikin moɗa ɗaya daga rijiyar. Malam ya ce wannan kisan kai ne, ba zai lamunta ba. Ta ce to za ta riƙe yarinyar har ranar da aka kwashe jarkokin. Malam ya ce ba a kama 'ya da laifin uba, ya ci gaba da karatu har ta yi ƙara ta nemi afuwa. Daga ƙarshe suka tsaya a kan cewa gobe da rana tsaka, a gaban mutanen gari, mai kwalba zai cika kwalbarsa da ruwan gaskiya, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, a yashe rijiyar. Sharfaddeen ya rantse. Ita ma ta rantse ba za ta dawo ba.

"Saura abu ɗaya," in ji muryar, tana yin nisa. "Ciwon cikin yarinyar nan ba nawa ba ne. Ku kai ta asibiti. Kwana ashirin ta yi tana shan abin da ubanta ya ƙi sha."

Muhsina ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji. Ana cikin haka aka kira magariba, kuma babu dutsen da ya faɗo.

Surayya ta bari har baƙi suka tafi. "Abban Muhsina, ka sani, ka bar ta ta je?"

Ya ce ai ya haɗa ta da leda biyu na fiya wata. Ya san sarai cewa rana ɗaya aka rabar da su wajen wani suna. Surayya ta ɗauki mayafinta, ta ce da sassafe ita za ta kai yarinyar asibiti.

Washegari ya hau babur ya nufi Unguwar Tsamiya. Ya tarar da mata a layi da bokitai. Ya sa aka kira mai unguwa da Yaya Bala, ya cika kwalba mai duhu da ruwan tuƙa-tuƙar suna kallo, ya faɗi komai. Bala ya cire hula ya zauna a ƙasa, ya ce wallahi shi ya ɗauka rijiyar da aka bari matacciya ce. Mai unguwa ya sa aka ɗaure hannun tuƙa-tuƙar da sarƙa tun kafin sakamako, wanda ya zo bayan mako uku da abin da ake tsoro. Babu wanda ya zagi Sharfaddeen a wurin, kuma da an zage shi da ya fi samun sauƙi.

Daga nan ya wuce gidansu. Mahaifiyarsa, Inna Hure, tana zaune tana ɓarar gyaɗa, labari bai iso mata ba. Kamar kullum, kafin a gama gaisuwa ta miƙe ta buɗe randa, ta ɗebo masa ruwa. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, kada ki ƙara shan ruwan nan."

Ya faɗa mata daga farko har ƙarshe, idonsa a ƙasa. Tana tsaye da ruwan a hannu, ba ta katse shi ba. 

"Ashe abin ke nan," ta ce da ya gama. "Ni dai na ga wata takwas, in na miƙo maka ruwa sai ka ce kana azumi, ko yanzu ka sha. Na ce Auta ya zama ɗan birni, ƙyamar kayana yake. Shi ya sa na aika kasuwar Gaya aka sayo maka wannan, ko tsohuwar ce ba ta yi maka ba."

Sai a lokacin ya ɗaga ido ya dubi abin da ke hannunta. Sabuwar moɗa ce dal, takardar kanti na nan manne a gindinta, babu bakin da ya taɓa ta. Tsohuwar moɗar, mai lanƙwasasshen baki, wadda ita take sha da ita safe da yamma, tana kife a kan murfin randar.